Namiji Ɗaya a Jadawalin Raino

Litinin, 3 ga wata, 6:15 na safe

Matar ofishin kula da ɗalibai ce ta ce in riƙa rubutu, wai yana rage nauyin ƙirji. To ga shi na fara, mu gani. Littafin ma na rahoton gwaje-gwaje ne, na yage shafuka huɗu na farko.

Kwana goma sha biyar ke nan tun ranar Lahadin nan. Mutuniyata, wato matata, tana can inda aka kwantar da ita. Ba zan rubuta sunan wurin ba, na san shi, ya ishe ni. Ni da yarinya muna nan, ɗaki ɗaya da ɗan kicin a bene na biyu. Shekararta ɗaya da wata biyu, haƙora shida, kuma duk shidan ta gwada su a kafaɗata.

Ina ajin ƙarshe, kimiyyar ƙasar noma. Saura mako uku a fara jarrabawar zangon farko. Ina da lab sau uku a mako, kuma ba a shiga lab da yaro, ga asid ga murhun busar da ƙasa. Na riga na rasa huɗu.

Jiya Yaya ta kira. Yayar Mutuniyata ce, tela, ita ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta ce, "Ƙanena, ba raina ka na yi ba, amma namiji da jarrabawa a gabansa ba ya raino. Na ba ka zuwa ƙarshen wata. In ba ka samu tsayayyen wurin barin yarinyar nan ba, zan zo in tafi da ita."

Garinsu tafiyar awa tara ce a mota. Likita kuwa ya ce ganin yarinyar ranar Laraba da Asabar yana cikin maganin uwarta. In ta tafi, ba Laraba ba Asabar. Na ce wa Yaya to. Yo me zan ce?

Litinin, 2:30 na rana

Na shiga lacca da ita a jakar goyo ta gaba. Minti ashirin tana shiru, har na fara jin kaina. Malam na cikin bayanin yadda ruwa ke ratsa laka, sai ta ɗaga murya ta yi wani dogon jawabi da yarenta, har da buga hannu a benci. Malam ya cire tabarau ya ce, "Farfesa ba ta yarda da bayanina ba." Aji ya kwashe da dariya. Ni dai na tattara na fita, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Sunan ya bi ta. Har mai gadin ƙofa yanzu cewa yake a gaida Farfesa.

Talata, 4 ga wata, 1:00 na rana

Gidan rainon jami'a a cike yake. An rubuta mu a jerin masu jira, lamba ta arba'in da ɗaya. Na tambayi matar yaushe za a zo kanmu, ta ce wataƙila lokacin Farfesa na firamare. Da wasa ta faɗa, ni ban ji dariya ba.

Fom ɗin nasu ma: sunan uwa, lambar uwa, sashen uwa, sa hannun uwa. Babu layin uba ko ɗaya. Na tsaya da biro a hannu har matar ta ce, "Malam, ina uwar take?" Na ce ta yi tafiya.

Na koma ofishin kula da ɗalibai. Matar nan mai kirki ta ba ni takardar uzurin da zan kai wa shugaban sashe saboda lab ɗin da na rasa. Sannan ta ce akwai wani ɗaki bayan laburare, tsohon ma'ajin kujeru, da ofishinsu ya ba ɗalibai masu yara suna yi wa juna raino. Ta ce, "Sai dai fa duk mata ne. Ka je ka gwada sa'arka, kuma ka je da ladabi."

Laraba, 5 ga wata, 6:20 na yamma

Mun je. Awa ɗaya ake bayarwa, huɗu zuwa biyar, a kan benci cikin lambu.

Ta rame. Hannayenta na kan cinya, ba ta ɗaga su ba. Ta ce, "Ta ci abinci?" Na ce ta ci. Can ta sake cewa, "Ta ci abinci?" Na ce ta ci ayaba da ƙwai. Da za mu tafi ta sake tambaya. Ta ce ya karatu, na ce ba komai, lafiya lau.

Alhamis, 6 ga wata, 3:10 na rana

Tabɗijam. Yau na ga abin da ya fi jarrabawa.

Na yi sallama a ƙofar ɗakin bayan laburare, aka amsa, na leƙa. Tabarmin roba a ƙasa, katifu uku, bokiti mai murfi, butar dafa ruwa a kan kanta can sama, yara ko'ina. Mata uku na ciki, suna ganina aka yi tsit. Ɗaya ta ja mayafi ta rufe jaririnta.

Wata doguwa mai baƙin siket, ɗalibar shari'a da suke kira Barista, ta tare ƙofa ta ce, "Malam, ɓatan hanya ka yi? Laburare ta can gaba ne." Na nuna mata Farfesa. Ta ce, "To uwarta ta kawo ta mana. Nan ana shayarwa, ba wurin maza ba ne."

Har na juya, sai wata 'yar gajera mai fara'a, Maman 'Yan Biyu, ta ce, "Haba Barista, ki dubi rigar yarinyar nan, a bai-bai take. Wannan ai ba uwa a gidan." Ta faɗa ne haka kawai, amma ni sai na ji idona ya yi zafi. Na ce uwar ba ta da lafiya, tana kwance. Iyakar abin da na faɗa ke nan, su ma ba su ƙara tambaya ba. Allah ya saka musu.

Ta ukun, Anti Lissafi, ita ke riƙe da tsarin ɗakin. Ba ta da yawan magana. Ta ce dokarsu uku ce. Wanda ya ajiye yaro shi ma zai yi raino. Ba a barin babba ɗaya shi kaɗai da yara, dole biyu, in ba haka ba ofis ba ya ba da makulli. Kuma ba a karɓar wanda bai iya sauya famfas ba.

Barista ta ce to a gwada ni. Suka miƙo mini babban 'yan biyun, wanda ya yi aika-aika tun daga ƙugu har gadon baya. Wallahi da gayya suka zaɓe shi. Na naɗe hannun riga na yi bismilla. Na gama tsaf, sai dai na manne abin gaba a baya. Maman 'Yan Biyu ta yi dariya har da riƙe ciki. Barista ta ce, "An ci, amma da ƙyar. Za mu sa labule a lungun can, kuma ka riƙa sallama sau biyu."

Juma'a, 7 ga wata, 12:40 na rana

Yadda suke fitar da jadawali ya burge ni, bari in rubuta.

Kowa ana ba shi farar takarda mai shara-shara, an ja mata layin kwanaki da awanni iri ɗaya. Sai ka cike awannin laccarka da baƙin biro. Anti Lissafi ta haɗa takardun mu takwas, ta ɗora su a gilashin taga. Inda ya yi baƙi ƙirin, kowa na aji, nan ne matsala. Inda haske ya ratso, akwai masu hannu. Daga nan take ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta ga wa da wa.

Da ta ɗora tawa sai ta ce, "Ikon Allah." Ashe Talata da Alhamis, sha ɗaya zuwa ɗaya, sun daɗe suna fama, mutum ɗaya kawai ke da sarari. Ni kuwa a lokacin ba ni da komai. Barista ta ce, "Ashe dai namiji na da rana."

Awannin lab ɗina uku duk an samu masu riƙe mini Farfesa. Na fito ina tafiya ina murmushi ni kaɗai, har wani ya tambaye ni ko sakamako ya fito.

Asabar, 8 ga wata, 5:50 na yamma

Ta ci abinci? Ta ci.

Talata, 11 ga wata, 1:30 na rana

Raino na farko, ni da Maman 'Yan Biyu, yara shida. Ban taɓa sanin awa biyu na da tsawo haka ba. Ɗan Anti Lissafi ba ya barci sai an shafa masa gira. Ƙaramin 'yan biyu ba ya shan ruwa sai a jan kofi. 'Yar Barista cizo take, gado ne.

Kowane yaro na da kati a bango: abin da yake ci, abin da ba ya so, lokacin barcinsa, abin da ke sa shi shiru. Aka ba ni kati in cike na Farfesa. Na zauna zan rubuta sai na ga rabin abin ban sani ba. Ban san lokacin barcinta na rana ba. Shekara ɗaya da wata biyu, muna ɗaki ɗaya.

Maman 'Yan Biyu ta ga na yi jugum ta ce, "Baban Farfesa, rubuta da fensir. Kowa da fensir ya fara."

Laraba, 12 ga wata, 6:30 na yamma

Yau ta taɓa ƙafar yarinyar. Ta riƙe ɗan yatsan kamar minti ɗaya. Na kalli bishiya na yi kamar ban gani ba.

Na ba ta labarin famfas ɗin da na manne a juye. Ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa.

Alhamis, 13 ga wata, 7:00 na safe

Wata uku kafin Lahadin nan Mutuniyata tana gaya mini ba ta barci. Ni kuma ina cewa ai kowa da jariri haka yake, in ɗauki jakata in tafi laburare. Wata uku.

Ba abin da zan rubuta yau.

Asabar, 15 ga wata, 8:45 na safe

Farfesa ta tashi da zazzaɓi. Hankalina ya tashi, na kira Maman 'Yan Biyu ina in-ina. Ta ce in duba dasashi. Ai kuwa ya kumbura, na bakwai ne ke tafe. Duk da haka ta ce in kai ta asibitin makaranta a duba, kada in yi likitan kaina. Mun je, sun ce haƙori ne, sun ba da magani.

Ba za mu je can yau ba. Na kira na bar saƙo. Ina ta tunanin ta zauna a benci tana kallon ƙofa.

Lahadi, 16 ga wata, 4:00 na yamma

Yaya ta kira. Na ba ta labarin ɗakin, da dokoki, da katin bango, har da takarda a taga. Tana saurare, ina jin ƙarar keken ɗinki a bayanta. Ta ce, "Ɗalibai ne fa, su ma ta kansu suke. Ranar da abu ya haɗe musu, kowa nasa zai ɗauka." Na ce ba haka suke ba. Ta ce, "Allah ya sa. Akwai wata matsala?" Na ce ba komai.

Ban gaya mata zazzaɓin ba.

Talata, 18 ga wata, 2:15 na rana

Shugaban sashe ya karɓi uzurina, zan rama lab biyu ranar Juma'a. Alhamdu lillahi.

Na kawo samfurin ƙasa a leda zan kai lab, na ajiye a bakin taga. Kafin in juya Farfesa ta zura hannu ta kai baki. Barista ta ce, "Ka ga, ta fara nata binciken." Yanzu Barista ce ke ajiye mini shayi a fulas in na fito daga lab, amma in na gode sai ta ce ragowa ce, zubarwa za ta yi.

Katin Farfesa ya kusa cika. Barcin rana sha biyu da kwata. Ba ta son a goge mata hanci ta gaba, sai ta gefe. In tana kuka, a ba ta murfin tukunya da cokali. Na bi kan fensir ɗin da biro.

Laraba, 19 ga wata, 6:10 na yamma

Ta ɗauke ta. Da kanta ta miƙo hannu.

Da muka fito na tsaya a bayan wata mota na yi kukana, Farfesa tana ja mini kunne. Likita ya ce ana samun ci gaba, kada dai a katse zuwan nan.

Juma'a, 21 ga wata, 5:00 na yamma

Jadawalin jarrabawa ya fito tun Litinin, kowa ya duba nasa a waya. Ba lacca mako mai zuwa, kowa na cewa ai yanzu sarari ya samu. Ni ma na duba nawa, takarda biyar, na ce da sauƙi. Ba wanda ya kawo maganar taga. Anti Lissafi ma tana fama da nata karatun, idonta ya yi ja.

Litinin, 24 ga wata, 1:20 na rana

Inna lillahi.

Muna zaune bayan takardar farko, Maman 'Yan Biyu ta ce, "Ni dai Alhamis da safe kawai nake roƙo a riƙe mini." Barista ta ce ita ma. Na ce ni ma. Anti Lissafi ta ajiye cokalin da ke hannunta. Ta fito da takardu ta ce kowa ya cike na jarrabawa yanzu-yanzu. Ta ɗora a taga. Alhamis, tara zuwa sha biyu, baƙi ƙirin, ko ɗigon haske babu.

Darasin gama-gari ne, wanda kowane aji ke da nasa, kuma duk safiya ɗaya ake rubutawa, makaranta gaba ɗaya. Kowa ya san da shi. Kowa kuma ya ɗauka ɗan'uwansa ne zai riƙe masa. Mu takwas, har da mai karanta lissafi. Anti Lissafi ta dafe kai ta ce, "Ni ce. Mako guda takardun nan na cikin jakata." Barista ta ce mata ba wanda ya fi wani laifi, a bar shari'a a nemi mafita.

Wanda bai rubuta wannan takardar ba, ba ya fita bana.

Talata, 25 ga wata, 11:30 na safe

Huɗu sun samu dangin da za su kai nasu. Saura yara biyar: Farfesa, 'yan biyu, ɗan Anti Lissafi, 'yar Barista. Mijin Barista ya nemi hutun rabin yini a wurin aiki, zai zauna. Mutum ɗaya ke nan. Saura ɗaya.

Gidan raino sun ce dokar yawan yara ba ta bari, ko na awa uku. Matar ofis ta ce da ta zauna da kanta, amma an sa ta cikin masu sa ido a zauren jarrabawa, duk ma'aikata haka. Na roƙe ta makulli da mutum ɗaya. Ta ce, "Baban Farfesa, yara biyar da mutumin da bai taɓa raino ba? Kai ma ba za ka so ba." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Maƙwabciyarmu tana aikin safe. Abokaina duk suna zaure ɗaya da ni.

Talata, 4:40 na yamma

Akwai mutum ɗaya da na sani mai hannu, mai iya yara, wadda ke iya rufe shagonta kwana biyu ba ta nemi izinin kowa ba.

In na kira ta, na ba ta hujja da hannuna. Abin da ta faɗa ne ya faru, har ranar ma ta kusa cika. In ban kira ba, ko ni ko Anti Lissafi ɗaya zai zauna ya rasa shekara, kuma na ji ta tana gaya wa Barista wai ita ya kamata, tunda kuskurenta ne. Matar da ke rainon ɗanta ita kaɗai shekara uku tana jiran ta gama.

Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau biyar.

Talata, 5:25 na yamma

Na kira. Ta ce, "Lafiya?" Bakina har ya ɗauko ba komai, na haɗiye shi. Na ce, "Yaya, akwai matsala, kuma laifinmu ne." Na faɗa mata duka, har zazzaɓin da na ɓoye. Na ce ina neman taimakonta.

Keken ɗinki ya tsaya. Sannan ta ce, "Motar asuba zan shigo." Ta kashe.

Laraba, 26 ga wata, 7:15 na yamma

Mun je can mun dawo, ban faɗa wa Mutuniyata komai ba. Na je tasha na tari Yaya.

Jaka biyu ta zo da su. Ƙarama mai kayanta, da wata babba. Da na ɗauki babbar sai na ji ta sakayau, ba komai a ciki. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ce ba.

Ta shiga ɗaki ta duba ko'ina da ido, ta buɗe tukunya, ta shinshina gorar madara, ta ɗaga katifa. Ta ce, "Ba laifi." Farfesa ta ƙi zuwa wurinta, ta maƙale a wuyana. Zan kwana wurin abokina a bene na ƙasa.

Alhamis, 27 ga wata, 8:20 na safe

Na kai su. Mijin Barista ya zo da rigar ofis har da lakataya, yana zufa tun kafin a fara. Yaya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, cire wannan igiyar kafin su shaƙe ka da ita." Anti Lissafi ta nuna mata katunan bango. Farfesa na tsala ihu lokacin da na fita, ban waiwaya ba.

Bismillah.

Alhamis, 2:00 na rana

Na rubuta. Ban san me na rubuta a tambaya ta uku ba, amma na rubuta. Mu huɗu muka fito kusan tare, muka nufi bayan laburare, Maman 'Yan Biyu har da ɗan gudu, takalmi a hannu.

Shiru muka tarar. Uku na barci a jere. Mijin Barista na zaune a ƙasa, riga duk ayaba, yana shafa wa ɗan Anti Lissafi gira, ya ɗaga mana yatsa kada mu yi magana. Barista ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Farfesa na cinyar Yaya da murfin tukunya da cokali, tana bugawa a hankali.

Yaya ta ce, "Wa ya rubuta katin yarinyar nan?" Na ce ni. Ta ce, "Har gogen hanci ta gefe?" Na ce e. Ta zaro awon ɗinki daga jaka ta hau auna katifu, tana faɗa wai wace irin makaranta ce yara ke kwana a kan katifa ba riga.

Juma'a, 28 ga wata, 9:30 na safe

Na raka ta tasha, Farfesa a ƙirjina, babbar jakar a hannuna. Tun daga gida nake jin nauyinta, har yanzu sakayau, amma ban yarda ba, don kayan yarinya ana iya saya a ko'ina.

Da muka isa bakin mota ta tsaya ta ce, "Ƙanena, ka san da niyyar me na zo." Na ce na sani, Yaya.

Ta ce, "Ni na raini uwar yarinyar nan da hannuna. Kullum in na kira ta sai ta ce ba komai. Kai ma in na kira ka, ba komai. Ni ma da na ji muryarta ta sauya, na ce wa kaina ba komai. Ka ga inda ya kai mu." Ta goge ido da gefen mayafi. "Da ka rufe ni a wannan, wallahi da yanzu tana cinyata a motar nan. Amma ka kira. Ka riƙe 'yarka. In abu ya sake haɗewa, ka sake kira."

Ta karɓi jakar, ta ja kumatun Farfesa, ta ce rigunan katifa za su iso cikin mako biyu, kuma in daina sa wa yarinya safa kala biyu, ana ganinmu.

Na tsaya har motar ta fita.

Asabar, 29 ga wata, 6:00 na yamma

Yau na gaya mata komai. Wa'adin Yaya, da lamba ta arba'in da ɗaya, da kuskuren Alhamis, da jakar da ta zo ba komai ta koma ba komai. Na ce mata tsoro na ji duk watan nan, kuma na yi kewarta. Na ce ta yafe mini wata ukun nan. Ta ce za mu yi wannan maganar, amma ba yau ba. Na ce to.

Farfesa na jikinta tana wasa da maɓallin rigarta. Ta ce likita na maganar fara barinta ta zo gida kwana biyu-biyu daga wata mai kamawa. Sai ta ce, "Ɗakin nan naku, zango mai zuwa ma za a yi?" Na ce za a yi, har an ce Talata tawa ce.

Ta ce, "Suna karɓar wadda ba ɗaliba ba?"

Na ce zan tambaya, amma na san amsar.

Ta ce, "Awa ɗaya kawai, don in gwada. Kuma tare da kai. Ban shirya zama ni kaɗai da ita ba tukuna, ina jin tsoro." Ta dube ni, ta ga ko zan ce ba komai. Ban ce ba. Na ce ni ma ina ji, mu je tare.

Mai kula da lambu ta zo ta ce biyar ta yi. Mutuniyata ta ce, "Don Allah a ƙara mana minti biyar, ba ta gama wasa ba." Aka ƙara mana.